Babi na 4: Auren Mai Bashin Haraji a Amurka

Darasi na 1: Bashin wa ne?

Bashin harajin da maigida ya ci kafin a ɗaura muku aure nasa ne shi kaɗai. Hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, ba za ta ɗora miki shi ba don kin aure shi. Haka ma idan amarya ce mai bashin.

Darasi na 2: Inda kuɗinki ke salwanta

Kowace shekara ma'aurata suna iya cike takardar haraji ɗaya tare, ko kowa ya cike tasa. In kun cike tare, rarar harajin da ya kamata a mayar muku, IRS na iya riƙe ta duka ta rage tsohon bashin, har da rabonki.

Maganin wannan shi ne fom 8379. Ɗauki biro ki rubuta a littafinki: 8, 3, 7, 9. A cikinsa za ki ware abin da kika samu da harajin da aka cire miki, daban da na maigida. Lambobin suna kan takardar W-2 da wurin aikinki ya ba ki. Kwafa su a hankali, ba gaggawa. Ki haɗa fom ɗin da takardar harajinku. Ta intanet, amsa kan ɗauki kamar mako 11. Ta gidan waya, kamar 14. In an riga an riƙe kuɗin, ki aika fom ɗin shi kaɗai, da kwafin W-2 ɗinku duka biyu.

To, ga inda yawancinku ke tuntuɓe. Fom ɗin bara ba ya aiki bana. Muddin bashin yana nan, kowace shekara sai kin cike sabo. Sake karanta wannan layin. Kin cike bara? Madalla. Bana ma sai kin cike. Baɗi ma haka. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Kullum sai wata ta dawo tana cewa "ai na riga na cike". Na bara kika cike! Kuma kada ki ɗauko fom 8857, shi na wata matsala ce daban.

Darasi na 3: Asusun banki

Asusun da ke ɗauke da sunanku ku biyu, IRS na iya ɗibar kuɗi daga ciki. Don haka ki sa albashinki ya riƙa shiga asusunki ke kaɗai.

Darasi na 4

A jihohi 9, ciki har da Kalifoniya da Tekzas, dokar dukiyar ma'aurata daban take, don haka abin da aka faɗa a sama na iya bambanta a can. Ki tuntuɓi masanin haraji.