Yadda Ake Karanta Sharhin Tarukan Kiɗan Ƙaramin Rukuni na Ƙarni na 19

Ɗalibin kiɗa a Jos da yake son sanin yadda Turawa suka karɓi kiɗan ƙaramin rukuni a ƙarni na 19, musamman na makaɗa huɗu masu goge, ba zai samu faifan waɗannan taruka ba, domin an yi yawancinsu kafin a ƙera na'urar naɗar sauti. Abin da ya rage shi ne sharhin jaridu, kuma akwai hanyar karanta shi.

Da farko, ya bincika su wa suka kaɗa, da irin shirin da suka yi. A watan Maris na 1825, rukunin Ignaz Schuppanzigh ya gabatar da sabon kiɗan mawallafin kiɗa Beethoven mai lamba 127 a Viyana, jama'a kuwa ba su gamsu ba, domin makaɗan ba su samu isasshen lokacin atisaye ba. Da Joseph Böhm ya jagoranci rukunin suka sake kaɗa shi bayan shiri mai kyau, sai aka yaba. Wanda ya tsaya a labarin taron farko zai ɗora wa mawallafi laifin makaɗa.

Sai kuma ya dubi mai sharhin da jaridarsa. Jaridar kiɗa ta Allgemeine musikalische Zeitung, wadda aka kafa a Leipzig a 1798, mallakar kamfanin buga takardun kiɗa ce, Breitkopf & Härtel. Mai sharhinta ne ya ce ɓangaren ƙarshe na kiɗan Beethoven mai lamba 130, wato Grosse Fuge, ba ya fahimtuwa, har ya kwatanta shi da Sinanci, bayan an kaɗa shi a 1826. Daga baya Beethoven ya amince da roƙon mai buga masa takardu, ya rubuta wani ɓangaren mai sauƙi, aka fitar da Grosse Fuge daban. Mai sharhi Eduard Hanslick na Viyana kuwa kowa ya san yana bayan mawallafin kiɗa Brahms, yana adawa da mawallafin kiɗa Wagner, don haka yabonsa da sukarsa duk sai an auna su da wannan ma'auni.

Masu sauraro ma suna da nasu tasiri. A Landan, John Ella ya kafa ƙungiyar shirya tarukan kiɗa ta Musical Union a 1845 domin masu hannu da shuni, yana raba musu takardar bayanin kiɗa, yana kuma neman a yi tsit. Tarukan Litinin na St James's Hall, da suka fara a 1859, sun buɗe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi da tikiti mai araha.

Shawarata ita ce ɗalibi ya saurari kiɗan kafin ya buɗe sharhin. Ya nemi Grosse Fuge a YouTube, ya sa abin sauraro a kunne da daddare idan unguwa ta lafa, ya rubuta a littafinsa minti nawa ne ya fara rikicewa, sannan ya gwada da ƙorafin mai sharhin 1826 ya ga ko wuri ɗaya suka tsaya.