Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a binciken ambaliya

Kowace shekara sai an ajiye mini kundin bincike kan ambaliya, kuma kurakuran ba sa canjawa.

Babbansu shi ne shiga gari da takardun tambayoyi ba tare da an bayyana wa mutane ko kai wane ne ba. Ni kaina na faɗa wannan rami bayan ambaliyar 2012, a wani ƙauye da ke gaɓar kogin Hadeja. Na sauka da biro da takardu, mai unguwa ya tara mini magidanta, kowa ya ɗauka sunayen masu karɓar tallafi nake rubutawa. Mai akuya biyu ya ce goma ruwa ya tafi da su. Ban ga laifinsu ba, mutanen da rumbunsu ya rushe ne. Laifina ne, kuma aikin wata huɗu ya tashi a banza. Yanzu kafin in buɗe jaka nakan faɗa a gaban kowa cewa ban zo da ko ƙwayar hatsi ba. Ina komawa gari sau biyu, da damina da rani, kuma ina tafiya da ɗaliba mace ta shiga cikin gida, domin matan ne suka san kwana nawa aka yi ba a ɗora tukunya ba.

Na biyu yana ƙona mini rai. Ɗalibi ya tambayi dattijo yadda suka farfaɗo, dattijo ya ce "mun yi haƙuri, ƙaddara ce", sai ya rubuta cewa al'ummar tana da juriya sosai. Haba! Haƙuri ba ma'auni ba ne. Ka tambaye shi: Baba, me ka sayar? Wa ya ranta maka iri? Wata nawa kafin ka sake rufin ɗaki? Yara sun koma makaranta?

Kada kuma a jingina komai ga sauyin yanayi. Madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle a Satumbar 2024, amma Maiduguri ta sha irin wannan ambaliya tun 1994. A duba lafiyar madatsa, magudanan ruwa da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa.

Alƙaluman ruwan sama na tashar auna yanayi ɗaya ba sa wakiltar jiha guda.

Wanda zai ambaci tsarin Sendai na 2015 zuwa 2030, wato tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage haɗarin bala'o'i, ya karanta manyan manufofinsa huɗu tukuna, don zan tambaye shi su ranar kare kundi.