Kurakuran da ke kashe ƙyallin daɓen shago, da yadda za a gyara su

Ranar Lahadi in kasuwar Dambatta ta ci, ko Alhamis a Maigatari, ka leƙa kantin magani ko shagon POS da ke bakin titi bayan la'asar. Tayil ɗin da aka goge da sassafe ya koma launin ƙasa, in ka taka sai ka ji yashi na ƙara a ƙarƙashin takalminka. Mai shago ya ce laifin yaro ne, yaro ya ce tayil ɗin ne ɗan arha. Washegari a ƙara omo, a ƙara Hypo, daɓe kuma ya ƙara dusashewa. A ganina ba ƙarancin magani ke damun daɓenmu ba. Abu biyu ne ke cin sa: yashin da ƙafa ke shigowa da shi, da sauran sabulun da muke bari da hannunmu.

Yashi shi ne babba. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, dutsen marmara kuwa da ake fasawa a zuba cikin tarazo yana wajen 3. Ke nan duk wanda ya shigo da rairayi a takalmi ya juya ƙafa a gaban kanta, kankare daɓen yake yi bai sani ba. Shi ya sa za ka ga daga bakin ƙofa zuwa inda ake biyan kuɗi ya yi hanya dishi-dishi, alhali ƙarƙashin shelf yana nan kamar jiya aka sa shi. Wannan ƙarzuwar ba sabulun da ke mayar da ita. Kuskuren farko dai shi ne barin ƙofa tsirara, ko a jefa ɗan guntun kwali a ce an yi matakin ƙafa. A sa abin goge ƙafa biyu: mai kaushi a waje don ya kankare taɓo, mai laushi a ciki don ya tsotse ƙura da danshi, kuma mai tsawon da mutum zai taka da ƙafa biyu kafin ya sauka. Ko buhun algarara ninki biyu ya fi babu, muddin ba ya zamewa. Sai dai a riƙa kakkaɓe shi. Wanda ya ƙoshi da ƙasa shi ma raba ta yake yi. In da hali a yi ɗan dakali na siminti a gaban shago, domin in daga turɓaya ake tsallakowa kai tsaye, aikin banza ake yi da damina.

Kuskure na biyu shi ne guga kafin shara. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan kwanta a daɓe cikin dare ko da an kulle ƙofa. Yaro ya zo da safe yana sauri, ya tsoma mofa ya hau ja. Ƙura ta haɗu da ruwa ta zama laka, ta shige layukan da ke tsakanin tayil, ta bushe a can. A fara sharewa, kuma da tsintsiya mai laushi ko buroshi, daga ƙurya zuwa ƙofa. Tsintsiyar kwakwa ta tsakar gida ce, a kan tayil ba ta kwashe ƙura sai dai ta tayar da ita ta sauka kan kaya.

Maganar omo kuwa, na taɓa tsayawa sayen kati a wani shago na ga mai wurin yana faɗa wa yaronsa: "Kai, zuba da yawa mana, ba ka ga ko kumfa bai yi ba?" Yaro ya ce, "To, Alhaji," ya juye rabin leda a bokiti ɗaya. Kumfa na wanki ne, a can ana ɗauraya. A daɓe ba mai ɗauraya, sai sabulun ya bushe ya bar danƙo, ƙura ta manne masa, sawun kowa ya fito raɗau. Gwaji mai sauƙi: zuba ruwa zalla a wuri ɗaya ka murza da yatsa, in ya yi santsi ko ya ɗan yi kumfa, tsohon sabulu ne ke kwance. Gyaransa a goge da ruwa kawai sau biyu ko uku ana sauyawa, daga nan a koma ɗan cokali guda na sabulun ruwa a bokiti. Bokitin ma ya zama biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye mofa. Da ruwan ɗauraya ya yi ja a zubar. Na san ruwa ba kyauta ba ne inda ake saye wurin 'yan garuwa, amma rabin bokiti mai tsabta ya fi cikakke mai datti. A matse mofa sosai, bayan aiki a wanke ta a shanya a rana. Wadda ta kwana cikin bokiti ita ke sa shago ƙarni.

Wasu kuma kananzir suke ɗigawa a ruwan guga don ƙyalli da korar ƙwari. Ƙyallin na awa guda ne, maiƙon kuma yana kama ƙura, ga santsi da zai iya kayar da tsohuwa, ga haɗarin wuta. A wurin sayar da abinci ko magani ma bai kamata ya shiga ba sam.

Kuskuren da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne asid. Maganin wanke masai irin su Harpic, da ruwan da masu sa tayil ke cire siminti da shi, suna cinye tarazo da marmara da daɓen siminti, su bar farin tabo mai kaushi wanda sai injin gurza daɓe ke fitar da shi. A kan tayil ma suna zaizaye simintin layuka har ruwa ya samu hanya, tayil ya fara ƙara kamar ganga. Ruwan lemon tsami da wasu ke sawa shi ma asid ne. Kuma kada a kuskura a haɗa irin wannan magani da Hypo ko Jik a bokiti guda: hayaƙi mai guba suke fitarwa, wanda ke shaƙe mutum a ɗaki marar taga. Hypo aikinsa kashe ƙwayoyin cuta, ba cire datti ba, don haka sai an goge ake bi da shi. Mai kantin magani da jini ya zuba masa a ƙasa, in robar Hypo ta nuna ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, ma'auni 1 na Hypo a ruwa ma'auni 6 ya wadatar.

In ruwan burtsatsenku yana barin fari-fari a buta, zai bar shi a tayil mai duhu. A bi da busasshen tsumma kafin ya bushe da kansa. Manja ko man gyaɗa ya zuba, kada a kai masa mofa, yaɗa shi za ta yi. A rufe da toka ko dusar katako, a kwashe, sannan sabulu da ruwan ɗumi. Ƙafafun benci da kujerun ƙarfe a naɗa musu guntun taya.

Daɓen siminti da kullum ake sharewa kullum yana tsartar gari, wannan tun wurin gini aka yi kuskuren: ko siminti ya yi kaɗan, ko ba a ba shi ruwa ba. Sabon daɓe yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28, amma mu kwana biyu muke jibga masa buhunan masara. Irin wannan guga ba ta yi masa komai. A wanke shi, a bar shi ya bushe sarai, a shafa masa fentin daɓe hannu biyu, in kuma ya riga ya fara ramuka a kira magini ya sake masa fuska.