Yadda ake bambance nau'o'in Utricularia masu kama da juna a tukunya

Utricularia tsiro ne mai cin ƙananan halittu. Ba shi da saiwa ta gaskiya, sai fararen silili da ke ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasa ɗauke da 'yan jakunkuna masu zuƙe duk ɗan ƙwaron da ya taɓa bakinsu. Peter Taylor na lambun Kew a Ingila ya tantance nau'i 214 a 1989, an kuma gano wasu bayansa. Masu rainonsa a tukunya sun fi cin karo da uku 'yan gida ɗaya daga Afirka: sandersonii, livida da bisquamata. Takardar sunan da aka soka a tukunya ba hujja ba ce, domin yanki ake gutsurowa a ba wani, sunan kuskure ya yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Da farko ka tabbatar tsiro ɗaya ne a tukunyar. Akwai wani baƙo mai shigowa ba sallama, subulata, wanda irinsa ke faɗawa tukwanen maƙwabta. Idan ka ga fure ruwan ɗorawa a kan siririn kara mai karkace-karkace, ko ɗan ƙullutun da ba ya buɗewa amma yana zuba iri, to shi ne. Ɗebo ɗan yanki daga inda ba ka gan shi ba, ka dasa a sabuwar ƙasa, ka ajiye nesa da sauran, ka riƙa ba shi ruwan sama.

Kada ka ɓata lokaci kan ganye. Na bisquamata siriri ne, na sauran biyun ya ɗan faɗaɗa a kai, amma haske da laima suna sauya su. Ka yi haƙuri har fure ya buɗe sosai, sannan ka tanadi gilashin ƙara girma mai ninki 10, rula da farar takarda. Ɗauki hoto biyu da waya: ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Na gefen ya fi amfani, shi ne kuma mutane suka fi mantawa.

Furen yana da leɓen sama, leɓen ƙasa da ɗan ƙaho a ƙarƙashi. Fara da leɓen sama. In ya tsage gida biyu dogaye kamar kunnuwan zomo, ka gama: sandersonii ce, 'yar Afirka ta Kudu da ke fitowa kan jiƙaƙƙun duwatsu. Ƙahonta dogo ne, ya lanƙwaso gaba, ya wuce leɓen ƙasa nesa ba kusa ba, karan furenta kuma gajere. Tana da wani samfuri mai faffaɗan leɓe da shuɗi ya fi yawa a jikinsa, mai rowar fure. Shi ma sandersonii ne.

In leɓen saman ƙarami ne, saura livida da bisquamata, kuma nan ne aikin yake. Sa gilashi a gindin leɓen ƙasa, inda ya kumbura ya toshe maƙogwaron furen. A livida za ka ga tudu biyu masu gurje-gurje a kwance, da ɗigon ruwan ɗorawa. Leɓen kansa faffaɗa ne, kusan zagaye, ƙahon kuma kusan tsawonsa ɗaya da leɓen. Karan ya fi tsayi, furanni da dama a jere. A bisquamata tudun ba shi da wannan gurje-gurje, furen kuma yawanci ƙarami ne. Launi dai kada ka dogara da shi. Livida tana fitowa daga tsakiya da kudancin Afirka har Meziko, kuma furenta na iya zama fari, na iya zama ruwan hoda mai shuɗi-shuɗi.

Akwai wata 'yar'uwar livida, arenaria, wadda ke fitowa a yashi mai laima a ƙasashen Afirka masu zafi, har da Najeriya. Ita ma tana da gurje-gurjen, sai dai furenta ya fi ƙanƙanta, ƙahon kuma ya zarce leɓen ƙasa sosai. Ɗora furen kan farar takarda ka auna biyun da rula.

In har yanzu kana kokwanto, bar furen ya bushe ka ga halinsa. Bisquamata ta gama-gari tana ɗaukar iri da kanta, ta bazu tukwane, ban da samfurin 'Betty's Bay' mai manyan furanni. Sandersonii da wuya ta yi iri, da silili take yaɗuwa. Abin da ka gano ka rubuta shi da fensir a sabuwar takarda, tare da ranar da ya yi fure da wanda ya ba ka, kafin ka gutsura wa wani.