Kafin ku zuba kuɗi a babbar jif

Salamu alaikum ƴan uwa. Alhajin da ya yi tambaya tsakanin Lexus LX 570 da Land Cruiser V8, ga tawa shawarar.

Motocin nan biyu uwa ɗaya uba ɗaya ne, duk gidan Toyota, ƙashin bayansu guda. Lexus ta fi taushin kujera da shiru a ciki, amma injinta lita 5.7 ne na esansi, tana shan mai ba wasa. In zirga-zirgarka tsakanin Maradi, Dakoro da Tasawa ce, ga rairayi ga ramuka, wallahi Land Cruiser mai gazuwal, lita 4.5, ta fi kwantar da hankali. Makanikanmu sun san ta ciki da waje, kayan gyaranta kuma in babu a gari, ana samowa daga Katsina ko Kano.

Abin da na fi so ku kula da shi ƙafafu ne. Na ga wata tsaleliyar jif mai ƙafar iska, wato wadda jakunkunan iska ke ɗauke da jikinta, ta kwana lafiya, da safe ta durƙushe a ƙofar gida kamar raƙumi, wata biyu ana jiran kaya daga waje. Alhaji, ka je da makanikenka, a ɗaga motar ya leƙa ƙarƙashinta, a kunna sanyi da tsakar rana, sannan ka duba takardun duwan kafin a yi ciniki.