Yadda za ku shirya kai iyali wasan zamiyar ƙanƙara tun da wuri

'Yan uwa na Nima da Mamobi, in kuna son yara su taka dusar ƙanƙara a Disamba, to tun Yuni za ku fara. Bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai irin su Faransa, ana iya nemanta wata 6 kafin tafiya, kuma sai da inshorar lafiya da za ta iya biyan magani na aƙalla yuro 30,000, ku tabbatar ta haɗa da raunin zamiya don ba kowace ke biya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen wuri, farkon kakar zamiya ƙanƙara ba ta gama sauka ba, sai ka kashe sidi mai yawa ka je ka tarar da ciyawa yara na kallonka, wallahi abin tausayi. Ku nemi dutse mai tsayi irin Val Thorens a Faransa, mita 2,300, ƙarshen Nuwamba suke buɗewa. Otal kuma ku kama wanda in an fasa za a maido kuɗi.

Rigunan sanyi da safar hannu kasuwar gwanjo ta Kantamanto akwai su da arha, amma a gwada wa yaro ana saura wata ɗaya, yanzu ka saya gobe hannun riga ya tsaya a gwiwar hannu. Takalmin zamiya haya ake yi can.