Idan ɗan rap ɗinku ya rasu: yadda za ku bi da iyayensa da waƙoƙin da ya bari

Ina da ɗan situdiyo a nan cikin Bauchi, ɗaki ɗaya ne da soso manne a bango, kwamfuta ɗaya, makirfo ɗaya, sai janareto mai taurin kai. Yaran da ke zuwa wajena yawanci 'yan rap ne, daga 'yan sha bakwai zuwa ashirin da ɗoriya, wasu daga Yelwa wasu daga Jahun, wasu 'yan poli wasu 'yan jami'ar ATBU, kowa gani yake shi ne ClassiQ ko B.O.C Madaki na gobe tunda waɗannan manyan 'yan rap ɗin su ma 'yan jihar nan ne. Ɗaya daga cikin yaran nawa ya rasu a haɗarin mashin a hanyar Dass, kuma abin da muka yi ranar har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ko wanka ba a yi mishi ba hotonsa ya cika sitatus, waƙarsa na tashi a ƙasa, ni ma na ɗora wallahi. 'Yar'uwarsa da ke aure a Gombe a Facebook ta gani, tana tsakiyar girki, babu wanda ya kira ta tukun. To abin da na koya daga nan ne zan faɗa wa duk yaran da irin haka ta faɗo musu.

Da farko dai ka cire hannunka daga waya. Kar ka yi fostin komai sai ka tabbatar 'yan gida sun gama sanar da nasu, kakanni, yayye, wanda ke makaranta, wanda ke bautar ƙasa a kudu. Hoton wurin haɗari ko na gawa kuwa ko an turo maka goge shi kuma ka kira wanda ya turo ka ja mishi kunne, don uwa tana da waya ita ma, ko ƙanwarsa tana da ita, kuma abin da ya shiga guruf baya fita. Duk mun ga yadda aka yi da Mohbad, mawaƙin nan na Legas, bayan ya rasu ranar 12 ga Satumba 2023, aka binne shi, aka tono gawar don bincike, kowa da kyamara a fuskar mahaifinsa. Iyayen abokinka ba su da ƙarfin ɗaukar ko kwatankwacin wannan.

Sai zuwa gaisuwa. Ku je a matsayin abokansa, sunan kuru ɗinku, wato ƙungiyarku ta waƙa, da sunansa na fage ku bar su a bakin layi. Ka sa doguwar riga da hula, sarƙar wuya a aljihu, ka bi sallar jana'iza ka raka shi maƙabarta, in ka dawo ka durƙusa gaban mahaifinsa ka ce Baba ya haƙuri, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, shikenan ka koma gefen tabarma. Kar ka soma ba da labarin yadda ya iya jera baiti. Kuma kar ku taru ku goma a ƙofar gida kuna jin waƙarsa a waya kuna kuka, na san da zuciya ɗaya kuke yi amma dattawan da ke zaman makokin wani abu daban suke gani. In kuna son yin amfani ga aiki nan birjik, ɗauko benci da rumfa, sayo fiya wata, kai baƙi tasha, karɓo kulolin abinci daga maƙwabta. In gidan Kirista ne kamar wasu abokanmu 'yan Bogoro da Tafawa Ɓalewa, ku tambayi dattijon gida ko fasto kafin ku ce za ku yi waƙa a taron, kar ku tsara wa mutane jana'izar ɗansu.

Wani abu da yara ba sa ganewa, uwa za ta iya zama shiru ba hawaye kuma hakan ba ya nufin abin bai ci ta ba. Yaron namu ɗan fari ne, mahaifiyarsa tun yana raye bata taɓa kiran sunansa ba saboda alkunya, sai dai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Ranar uku muka shiga gaishe ta tana zaune bakin gado da carbi, ta amsa mana lafiya lau har da tambayar ya iyayenmu, amma takalminsa na nan a ƙofar ɗakin inda ya cire, wani ƙaninsa ya zo zai ɗauke ta ce bar shi. Nan na gane. Shi kuma uba sau da yawa abin da ke cinsa daban ne, don wataƙila shekara biyu ya yi yana faɗa da yaron kan waƙa, ya taɓa fasa mishi waya, ya taɓa cewa in bai daina ba ya bar masa gida, yanzu ga shi babu damar shiryawa. Saboda haka kalmar "ai da an bar shi da ya yi nisa" kar ta fito daga bakinka ko da wasa. In akwai abin kirki da yaron ya taɓa faɗa kan babansa a situdiyo, riƙe shi, ranar faɗarsa na zuwa.

Yanzu aikin da ya zama naku, ku da kuka san kan na'ura: adana kayan. Wannan shi kaɗai ne ake yi da gaggawa kuma a yi shi shiru. Ka bi duk situdiyon da ya taɓa shiga ka karɓo fayilolin, kuma ba MP3 da aka tura ta WhatsApp ba wanda ya riga ya matse, ka nemi asalin WAV da fayil ɗin aikin na FL Studio ko duk manhajar da aka yi amfani da ita, muryarsa daban kiɗa daban. Ka kwafa wuri biyu, filash ɗaya da hadis na kwamfuta (hard disk) ɗaya, kar su kwana gida ɗaya. Furodusoshi muna goge kaya in kwamfuta ta cika, ni ma ina yi, don haka kar ka ce sai bayan arba'in. Wayarsa kuma ta 'yan gida ce, kar ka ɗauke ta da sunan ajiya, ka samu yayansa ko ƙanin babansa ku zauna tare, ka nuna mishi abin da ya kamata a kiyaye. WhatsApp yakan goge akawun da ya yi wajen kwana 120 ba a hau ba, Google kuma zai iya goge wanda ya shekara 2 ba a taɓa ba, da hotuna da duk abin da ke ciki. Layin waya ma in ya daɗe a ajiye kamfani sayar wa wani yake yi, kuma ta layin nan lambar shiga YouTube da Audiomack da banki take zuwa, don haka a dinga sa mishi ɗan kati ana kira da shi lokaci lokaci. Ga kuma wani dalili, ba abin da ya kai uwa ta danna lambar ɗanta don kewa ta ji wani ƙato ya ɗauka. Facebook na da tsarin mayar da shafin mamaci na tunawa, amma ku kwashe abin da kuke so kafin ku nema, don in an mayar ba mai sake shiga da fasuwod.

Kun adana? To ku dakata. Intanet kwana uku take makoki ta wuce wani zancen, shi ya sa hankalinku ke tashi kuna ganin in ba a saki waƙa yanzu ba za a manta da shi, su kuwa iyaye a kwana ukun nan ko fara gane abin da ya same su ba su yi ba. Ku bari baƙi su watse, a wuce bakwai, in gidan masu yin arba'in ne a wuce ta, sannan ku aika mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa, ta hannun wanda uban ke jin maganarsa. Abin da za ka ce kaɗan ne: Baba, akwai kayan marigayi a hannunmu, muryarsa ce da rubuce-rubucensa, amana ce, mun zo mu ji yadda kuke so a yi da su.

Kuma da gaske nasu ne, ba kara kake musu ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, haƙƙin yana komawa ga magada ne. A shari'a ma aya ta 11 cikin Suratun Nisa'i ta fayyace, wanda ya rasu bai bar ɗa ba uwarsa na da sulusi, in yana da 'yan'uwa ta koma sudusi, kuma duk bayan an biya bashi da wasiyya, lissafin dai a kai wa malami. Maganar bashi kuwa 'yan rap akwai cin bashin situdiyo, in kai furodusa ne kana binsa kuɗin miksin, wato haɗa sauti, ko na bit, wato kiɗan da ya hau, ko dai ka je ka faɗa a biya ka, ko ka furta da bakinka cewa ka yafe, kar ka yi shiru kana riƙe da fayil a matsayin jingina. Ko a Amurka inda hip-hop ta samo asali a unguwar Bronx a 1973, da aka harbe shahararren ɗan rap Tupac Shakur ya rasu a Satumba 1996 yana ɗan shekara 25, mahaifiyarsa Afeni ce ta shiga kotu kan waƙoƙin da bai saki ba, ta kafa kamfanin Amaru a 1997 ta riƙe su. Shi ma Notorious B.I.G. da aka kashe a Maris 1997 mahaifiyarsa Voletta Wallace ce ta tsaya kan abin da ya bari.

Sai dai nan ba can ba ne, kuma ka shirya jin amsar da ba ka so. Da yawa iyaye za su ce a sauke komai, don tsoronsu kar kiɗan ya zama zunubin da zai dinga bin yaron har kabari duk lokacin da wani ya kunna. Kar ka tsaya musu, kar ka jawo fatawar wani malami da ka gani a TikTok, mutumin da ya binne ɗansa ba muhawara ya zo yi ba. Ka ce to Baba, ka je ka sauke daga duk shafukan da kuke da iko da su, ka roƙi masu bulog su ma su sauke, kuma ka faɗa mishi gaskiya cewa wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba mai iya dawo da shi. Abin da zaka iya roƙa shi ne a bambanta saukewa da gogewa, wato a bar kwafi ɗaya a filash a hannun wani babba a gidan, saboda zuciya tana juyawa, wanda ya ce baya son ji yau bayan shekara biyu zai iya neman ko da tarin yaron ne ya ji. In ya ce a goge har wannan, to magana ta ƙare, goge.

In kuma sun amince a saki wani abu, ku tace. Waƙar da ya yi wa wani habaici lokacin da suke rigima, wadda ya cika baki kan ƙwaya ko 'yan mata alhali kun san ko sigari baya sha, salon rap ne kawai, duk ku ajiye su, babansa ba zai gane salo ba ne, zai ɗauka ɗansa ne haka. Wanda suka yi rigimar ma ku neme shi ya yafe. Duk abin da za a saki 'yan gida su fara ji, kuma kuɗin da ya shigo ko naira dubu biyu ce a rubuta a kai musu da shaida.

Waƙar ta'aziyya taku kuma, in dole sai kun yi, to ku rage kiɗa, ku bar baiti ya yi numfashi. Kar ka ɓata baiti 16 kana faɗin yadda kai ka ji, da yadda kai za ka riƙe tuta, ka faɗi abin da ya yi, cewa shi ke kai ƙannensa islamiyya a mashin, cewa baya cin masa sai da yaji har ya yi gumi. Banda kalaman jayayya da ƙaddara irin su mutuwa kin yi zalunci, uwa in ta ji zai dame ta ne. Kuka ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi, to ma'aunin baitinka ke nan. Ban da sa lambar akawun ɗinka a ƙasan bidiyo da sunan taimakon iyali. Kuma ni a ganina kuɗin da za ku kashe a shoo na tunawa, haya da sifika da fosta, gara ku haɗa ku biya wa ƙaninsa kuɗin makaranta ko ku sa hannu a gyaran rijiyar masallacin unguwa da niyyar Allah ya kai masa ladan, wannan iyaye ba sa taɓa ƙi.

Sannan ku ci gaba da zuwa. Gidan mutuwa a makon farko cike yake, wata na uku ne shiru ke sauka. Ku leƙa ranar Juma'a, ku je gaisuwar sallah kamar yadda kuka saba lokacin yana nan, ko da rabin mudun dabino ne a azumi.

Mu namu uban cewa ya yi a sauke, muka sauke, filash ɗin yana wajen ƙanin mahaifinsa. Sai da aka yi wata takwas 'yar'uwarsa ta kira ni ta ce Umma na tambaya wai ko akwai inda yaron nan ya yi magana ba kiɗa. Na koma fayilolin na cire bit gaba ɗaya, na samo wani wuri kafin a fara ɗauka inda yake gwada makirfo yana dariya, yana ce min Oga yi sauri Umma ta aike ni cefane tun la'asar, daƙiƙa goma sha ɗaya ne duka. Na sa a memori na kai. Ban kunna mata ba, na nuna wa ƙanwarsa inda ake dannawa na ce sai lokacin da Umma ta ce, na yi sallama na fito. In za ku kai irin wannan ku ma kar ku tsaya kallon fuskarta, kuma ku bar kwafi a wajenku don memori na lalacewa.